Daga Damagaram Zuwa Santambul: Yadda Za Ka Fita Daga Filin Jirgi Ka Kai Masaukinka

Duk wanda ya ce mini zai je Santambul karon farko, ko sayayya ce, ko karatu, ko rakiyar mara lafiya, ba na fara tambayarsa nawa ya tara. Cewa nake ya miƙo tikitin in gani. Haruffa uku nake nema kusa da sunan garin: IST ko SAW. Sau da yawa mutum ya biya kuɗi, ya karɓo biza, ya yi sallama da dangi tun daga Birni har Zango, amma bai san garin da za shi filayen jirgin fasinja biyu gare shi ba, ɗaya a Turai ɗaya a Asiya, ruwa ya raba su.

Shekaru ke nan ina zuwa garin nan ina sayo labule da shimfiɗu da takalma ina kawowa Kasuwar Dole. Mutanenmu ba a wajen ciniki ake cin su ba, don ba a koya wa ɗan Damagaram taya kaya. A tsakanin filin jirgi da masauki ake cin su, ranar sauka da ranar komowa, lokacin da mutum ya gaji, ba ya jin yaren, ga kuɗin mutane a ƙugunsa. Abin yana yi mini ciwo, domin garin yana da jiragen ƙasa da bas-bas masu tsari, kuma duk wanda ya iya karanta allo zai iya kai kansa inda za shi.

Tun kana gida

Filin jirginmu na Zinder ba ya kai mutum Turkiyya. Ko dai ka bi ta Yamai, ko ka bi ta Kano. Yamai kusan kilomita 900 ce ta Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, yini guda cur a mota. Kada ka shirya isa Yamai ranar da jirginka zai tashi. Ka je ka kwana, ko da za ka takura wa ɗan'uwa, domin taya ɗaya ta fashe a hanya ta isa ta raba ka da tikitin ɗaruruwan jaka. Daga filin Diori Hamani, wanda kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta a 2019, jirgin Turkish Airlines a IST yake sauke mutane. Wanda ya bi ta Matamai da Daura ya hau a Kano kuwa, galibi sai ya sauya jirgi a wata ƙasa, kuma a nan ne ake buƙatar lura, don akwai kamfanoni irin su Qatar Airways da ke sauka a filayen biyu. Yana yiwuwa ma ka sauka a ɗaya, komowarka ta zama daga ɗayan. Ka duba layin tafiya, ka duba layin komowa, kowanne daban.

Sefa ba ta da amfani a can. Ka canza zuwa yuro ko dala tun a gida, kuma ka tabbata akwai ƙananan takardu a ciki. Ka sa mai masaukinka ko otal ɗin ya turo maka cikakken adireshi da rubutun Turkanci da sunan tashar jirgi mafi kusa, ka ɗauki hotonsa, sannan ka rubuta a takarda ka sa cikin fasfo. Waya tana mutuwa, takarda ba ta mutuwa. Agogon Santambul yana gaban namu da awa 2, rani da damina. Idan tafiyar ta faɗo daga Disamba zuwa Fabrairu, ka sa rigar sanyi mai kauri a jakar hannu, kada ka cusa ta cikin akwati. Sanyinsu da ruwan sama yake zuwa, wani lokaci har da ƙanƙara, ba irin hunturunmu ba ne.

Idan a IST ka sauka

An buɗe wannan filin ranar 29 ga Oktoba 2018, aka kwaso jiragen fasinja gaba ɗaya zuwa can a Afrilun 2019. Yana gundumar Arnavutköy, can arewa wajen Baƙin Teku, kimanin kilomita 40 daga tsohon gari. Girmansa ya wuce yadda ake ba ka labari. Daga ƙofar jirgi zuwa wurin buga fasfo kana iya yin tafiyar minti 15 ko 20 a ƙasa, don haka idan da tsoho ko mara lafiya kake, ka nemi keken guragu tun a Yamai lokacin auna kaya, za ka tarar da mai tura shi yana jira a bakin jirgi.

Kalmomi kaɗan za su raka ka har ka komo. Çıkış mafita ce, Giriş mashiga. Havalimanı filin jirgi. Mescit masallaci, kuma akwai su da yawa cikin ginin, da wurin alwala mai tsabta, na maza daban na mata daban. Döviz wurin canjin kuɗi. Dış Hatlar jiragen ƙasashen waje, İç Hatlar na cikin gida.

Bayan ka ɗauki akwatinka, ka canza kuɗi kaɗan kawai, abin da zai biya maka mota da abincin yini ɗaya. Canjin filin jirgi ba shi da daɗi, na unguwar Laleli da kewayen babbar kasuwar Kapalıçarşı ya fi shi nesa ba kusa ba. Haka layin waya, ya fi tsada a filin. Ka yi amfani da intanet ɗin filin ka sanar da gida ka sauka lafiya, sauran ka bari sai ka shiga gari.

Da ka fito zauren tarba za ka ga masu matsowa suna cewa taksi, otal, wasu ma da Faransanci ko Larabci. Ka amsa sallama ka wuce. Kada ka miƙa wa kowa akwatinka.

Daga nan hanya uku ce, kuma abin da zai zaɓa maka ita shi ne nauyin kayanka, da lokacin da ka sauka, da unguwar da za ka kwana.

Bas ɗin filin jirgi sunansa Havaist. Yana hawa na ƙasa, wanda aka rubuta -2, sai ka bi alamar bas ka sauka. Kowane dandamali an rubuta inda motarsa za ta, akwai ta Aksaray, akwai ta Taksim, akwai ta Kadıköy da wasu unguwanni. Ga ɗan kasuwar da zai sauka a Aksaray ko Laleli, wannan nake fara ba shi shawara. Ana sa akwati a cikin motar ta ƙasa a ba ka ƴar takarda mai lamba, ka zauna a kujera, ba sauyi har ka isa. Ka riƙe takardar nan, da ita za ka karɓi kayanka. Manyan layukan suna aiki har cikin dare, lokacin da jirgin ƙasa ya tashi daga aiki. Aibinsa ɗaya ne, cunkoso. Tafiyar da ake yi cikin awa ɗaya da tsakar dare tana iya cin awa biyu da safe ko da yamma.

Hanya ta biyu ita ce metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, layin M11. An buɗe shi a Janairun 2023 zuwa Kağıthane, aka ƙarasa da shi Gayrettepe a Janairun 2024. Tashar tana wajen ginin, sai ka fita ka ɗan taka kana bin alamar harafin M. Jirgi ne mai gudu sosai, kusan rabin awa ya kai ka Gayrettepe, ba ruwansa da cunkoson titi. Yana fara aiki wajen ƙarfe 6 na safe ya tsaya wajen tsakar dare.

Amma in gaya maka gaskiyar Gayrettepe, don masu yabon metro ba su cika faɗa ba. Tashar M11 ta can tana da zurfi ƙwarai, wajen mita 70 a ƙarƙashin ƙasa. Za ka hau matakala mai tafiya da kanta, ka ƙare ta ka tarar da wata, ka ƙare ka tarar da wata, sannan ka bi dogon lungu kafin ka kai layin M2. Na taɓa bin ta da wani dattijo da ya je ganin likitan gwiwa. A matakala ta uku ya kama hannuna ya ce, "Alhaji, tsaya in numfasa." Muka raɓe gefe muna kallon mutane suna wucewa kamar ruwan kwazazzabo, akwatinsa a hannuna, nawa a tsakanin ƙafafuna. Tun daga ranar, mai ciwo ko mai akwati biyu ba na kai shi ta nan. Saurayi mai jaka ɗaya kuwa, ba abin da ya fi masa ita.

Idan ka kai M2, ka hau wanda aka rubuta Yenikapı a goshinsa, ba Hacıosman ba. Tashoshin a jere suke: Şişli-Mecidiyeköy, Osmanbey, Taksim, Şişhane, Haliç, Vezneciler, Yenikapı. A Haliç jirgin yana fitowa daga rami ya tsaya a kan gada bisa ruwa, ka hango masallatai da hasumiyoyinsu a kan tudu. Da ka ga haka ka miƙe ka kama akwatinka, tasha ta gaba Vezneciler ce, daga ita zuwa Laleli ƴar tafiya ce a ƙasa. Wanda masaukinsa ke gangaren Aksaray ko Kumkapı ya bari sai Yenikapı.

Ta uku taksi ce. Ba na hana ta. Mutum uku da kaya, ko mace ita kaɗai da yara cikin dare, taksi ta fi musu. Sai dai ka hau a layin da aka tanada a ƙofar fita, ka ɗauki mai launin rawaya don ita ce mafi araha, shuɗiya da baƙa sun fi tsada. Ka nuna wa direba adireshin a rubuce, ka ga ya kunna mita, su suna ce mata taksimetre. Kuɗin gada ko na babbar hanya ana ƙara shi a kan na mita, wannan ba cuta ba ce. Lokacin biya ka riƙe takardar kuɗin a sarari ka faɗi adadinta kafin ka miƙa, domin akwai wanda za ka ba 200 ya juya ya nuna maka 20 ya ce ita ka ba shi.

Katin da ya kamata ka fara saya

Sunansa İstanbulkart. Da shi ake hawa metro, da taram (jirgin da ke bin titi), da bas na gari, da jirgin ƙasa na Marmaray, har da jirgin ruwa. Ana sayensa a na'urorin da ke bakin tashoshi, akwai su a filin jirgi ma. Ka sauya harshen allon, ka sayi katin, sannan ka aza shi a wurin da aka nuna ka zura takardar lira, kuɗin Turkiyya. Na'urar ba ta ba da canji, duk abin da ka zura cikin katin yake shiga, don haka kada ka fara da babbar takarda. Ka jira allon ya nuna sabon adadin kafin ka ɗauke katin. A ƙofar shiga ka taɓa shi, ta yi ƙara, ka tura ƙarfen ka wuce. Kati ɗaya yana shigar da mutum fiye da ɗaya, kowa a taɓa masa sau ɗaya, amma na fi son kowa ya riƙe nasa. Idan ƙofar jirgi ta rufe ta raba ku, wanda ba shi da kati ya zama abin tausayi.

Ban rubuta farashi ba da gangan. Lira tana faɗuwa, kuɗin mota yana tashi, abin da na biya bara ba shi za ka biya ba. Abin da bai sauya ba shi ne metro ya fi kowa araha, bas ɗin filin jirgi na bi masa, taksi kuma ta ninka su sau da yawa.

Idan a SAW ka sauka

Sabiha Gökçen yana gundumar Pendik a ɓangaren Asiya, an buɗe shi a 2001, an sa masa sunan matuƙiyar jirgin sama da Atatürk, shugaban Turkiyya na farko, ya riƙa kamar ƴarsa. Nan ne gidan kamfanonin jirgi na Pegasus da AJet, shi ya sa ɗalibanmu da ke wucewa wasu garuruwan Turkiyya suke yawan bi ta nan. Ya fi IST ƙanƙanta, fita daga cikinsa ba wuya.

Tun Oktoban 2022 layin M4 ya iso cikinsa. Ka hau mai zuwa Kadıköy, tafiyar ta kusa awa ɗaya, ka sauka a Ayrılık Çeşmesi, tasha ɗaya kafin ƙarshe. A nan za ka koma Marmaray, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin mashigin Bosforus tun 2013. Ka hau mai fuskantar ɓangaren Turai: Üsküdar, sai ya nutsa ƙarƙashin ruwa, sai Sirkeci, sai Yenikapı. Mai ƙaramin kaya da ya sauka da rana yana iya zarcewa Kadıköy ya hau jirgin ruwa zuwa Eminönü da katin nan dai, minti 20 da ɗoriya, ana sayar da shayi a ciki cikin ƴan kofunan gilashi. Ga wanda ya tashi a garin da ake jiran ruwan famfo da asuba, zaman nan a kan teku abin tunawa ne. Akwai kuma bas na filin jirgi zuwa Taksim da Kadıköy.

Idan tikitinka ya nuna sauka a IST da sake tashi daga SAW, ka sani tsakaninsu ya haura kilomita 70, kuma sai ka karɓi kayanka ka shiga ƙasar da biza sannan ka ƙetare garin gaba ɗaya. Tazarar da ba ta kai awa 6 ba, ni ba zan karɓa ba.

Yawon kasuwa

Da ka ajiye kaya, layi biyu ne abokan aikinka. Taram T1 yana bi ta saman titi daga Kabataş zuwa Bağcılar, yana tsayawa a Eminönü, Sirkeci, Sultanahmet, Beyazıt, Laleli, Aksaray, Yusufpaşa har Zeytinburnu. Masu takalma suna Gedikpaşa, gangaren Beyazıt. Kayan gida da tarkace suna Mahmutpaşa da Tahtakale, tsakanin Kapalıçarşı da Eminönü. Metro M1A kuma yana tashi daga Yenikapı ya bi ta Aksaray da babbar tashar mota ta Otogar ya kai ka Merter, inda ake sarin tufafi. Osmanbey, ita ma unguwar sarin tufafi, tana kan M2. Wani abu da ke rikita baƙo: tashar metro ta Aksaray ta fi kusa da tashar taram ta Yusufpaşa fiye da wadda ita ma ake kira Aksaray. A taram ana cika maƙil, ka mayar da jakarka gaba, fasfo da kuɗi su kasance cikin aljihun ciki.

Ranar komowa

A nan na fi son ka saurare ni. Layin M1A da ka saba hawa zuwa Merter, tasharsa ta ƙarshe har yau Atatürk Havalimanı ake kiranta. Wannan tsohon filin jirgi ne, ya daina ɗaukar fasinjoji irinmu tun 2019. Allon jirgin yana cewa Havalimanı, wanda ya taɓa zuwa da daɗewa ma zai rantse maka nan ne hanya.

Ɗan yayata ya faɗa wannan ramin. Na riga shi komowa da mako ɗaya, ina shago bayan la'asar sai ga kiransa, murya na rawa. "Kawu, na iso filin jirgi amma ba kowa, ƙofofi a rufe." Na ce ya karanta mini abin da ke rubuce a bango. Da ya ce Atatürk sai na ajiye ma'aunin da ke hannuna. Na ce, "Ɗana, fita ka tari taksi yanzu, ka nuna masa IST a tikitinka, kada ka tsaya ciniki." Yamma ce, titi ya cushe. Ya isa an rufe auna kaya. Kwana biyu ya ƙara a garin, kuɗin sauya tikiti da na otal suka cinye ribar kayan da ya sayo, kuma jarin na mahaifiyarsa ne, adashi ta ɗauka ta ba shi. Har yau idan na tuna muryarsa a wayar nan raina yana ɓaci, don kalma ɗaya da na manta ban faɗa masa ba ce ta jawo.

To ga yadda za ka lissafa. Ana rufe auna kaya awa ɗaya kafin tashin jirgin ƙasashen waje. A filayen Turkiyya ana binciken kaya tun a ƙofar shiga ginin, sannan a sake bayan an buga fasfo, ga kuma nisan ƙofar jirgi. Ka kasance cikin ginin awa 3 kafin tashi. Ka ƙara awa 2 na hanya idan bas ko taksi za ka hau da rana. Ke nan awa 5 kafin lokacin da ke kan tikiti ka bar otal. Idan lokacin ya faɗo tsakanin ƙarfe 5 da 8 na yamma, ko ana ruwa, ka ƙara wani abu a kai. Idan jirgin na tsakar dare ne, ka duba kwanan watan da kyau: ƙarfe 1 na daren Talata a tikiti, daren Litinin ne za ka bar masauki.

Kayan sari kada ka ja su zuwa filin jirgi. A Laleli da Aksaray da Yenikapı akwai shagunan da aka rubuta Kargo, da yawa ƴan Afirka ne a ciki, za ka sami mai jin Faransanci, wani lokaci har mai jin Hausa. Ka tambayi wanda ya riga ka wane ne ya taɓa kai masa kaya Yamai lafiya, a auna a gabanka, ka rubuta sunanka da lambar wayarka a jikin kowane ƙunshi, ka ɗauki hoto, ka karɓi rasit, ka kuma ji a bakinsa ko kuɗin duwan yana ciki ko kai za ka biya. Abin da za ka riƙe a hannu kuma ka auna shi a otal ka gwada da kilon da aka rubuta a tikitinka, domin kuɗin ƙarin kilo a filin jirgi ya fi na kargo tsada sosai.

Kwana ɗaya kafin tafiya, ka taka da ƙafarka ka ga inda Havaist yake tsayawa a Aksaray, ka duba lokutan tashinsa, don kada ka zo kana neman wurin da akwati biyu a hannu. Idan metro za ka bi, M2 ne zuwa Gayrettepe, sai M11, ka sauka a tashar da aka rubuta İstanbul Havalimanı, ka bi alamar Dış Hatlar. Ka kira Yamai a kama maka kujerar motar Zinder ta washegarin saukarka. Katin İstanbulkart kuma kada ka yar. Ka bar ƴan lira a ciki ka sa shi cikin fasfo, mai tafiya na gaba daga unguwarku ya karɓa, ya shiga metro da shi tun daga filin jirgi ba tare da ya tsaya gaban na'ura ba.